Alƙalin da Na Sa Cikin Matattu

Fuskar na fara ganewa. Ina zaune a bayan tebur a ƙofar wani ɗakin taro a unguwar Television da ke Kaduna, littattafai jibge a gabana, duk wanda ya iso in duba sunansa a takarda in miƙa masa ɗaya, sai wata tsohuwar mota ta tsaya daf da baranda. Direba ya zagayo ya buɗe ƙofa. Wani dattijo ya fara sauko da sanda, sannan ƙafa, sannan ya fito gaba ɗaya. Dogo ne siriri, da tabo a girarsa ta hagu. Na san tabon nan. Na ɓata kusan awa guda a gaban kwamfuta ina goge wani ɗigon tawada da ke kusa da shi a hoto, ina lallaɓawa kada in haɗa da tabon. Na kuma san shafin da na ajiye hoton. Can ƙarshen littafin ne, inda aka zagaye kowace fuska da baƙin layi.

Lauyoyin da ke tsaye a baranda suka gyara tsayuwa. Manyan mutane masu furfura suna ta rusunawa, "Barka da zuwa, Mai Shari'a," "Ranka ya daɗe." 

Ya tako a hankali har gaban teburina.

Ya ce, "'Yata, ina nawa?"

Ban duba takarda ba, don na san sunansa ba ya ciki. Takardar ta masu rai ce. Na ɗauki littafi na miƙa masa da hannu biyu. Ya ce Allah ya yi mini albarka, ya shige.

Sai na faɗi yadda aka yi na tsinci kaina a wannan tebur, don ni ba lauya ba ce, ban kuma taɓa taka jami'a ba. Da na gama sakandare sakamakona bai cika ba, sai na koyi buga rubutu a wani shagon kwamfuta a Sabon Tasha, na ci gaba da aiki a wurin. Ni da mamata muke zaune a ɗaki ɗaya da falo a Television, ita tana aikin liƙa kwalaye a wani kamfani a Kudenda. A shagon, aikin da ya fi zuwa hannuna shi ne furogiram na jana'iza, wato ɗan littafin nan da mu Kirista muke bugawa idan an yi rasuwa a raba a coci. Da wuya mako ya wuce ban buga biyu ko uku ba. Ko ido rufe na san tsarinsa: hoton mamaci a gaba cikin zagaye, tarihin rayuwarsa, jerin waɗanda za su yi magana, sai yabo daga 'ya'ya da abokan aiki.

Wata rana wani tsoho ya zo a buga masa shafi ɗaya. Idonsa ya yi yana, rubutunsa ya hau kan juna, amma na karanta ban tambaye shi komai ba. Wannan ne ya burge shi. Ya ce yana da aikin da zai ɗauki watanni, ko zan riƙa zuwa gidansa a Kamazou da yamma. Kowa Baba yake kiransa, ni ma haka. Ya koyar da aikin lauya shekaru masu yawa a tsangayar shari'a ta wata jami'a, ya yi ritaya ya dawo Kaduna. Ƙungiyar tsofaffin ɗaliban tsangayar ce ta ɗora masa aikin haɗa littafi guda da zai ƙunshi duk wanda ya yi karatu ko ya koyar a wurin: inda aka haife shi, shekarar da ya gama, inda ya yi aiki, abin da ya zama. A bakinsu su suka ɗora masa. Gaskiyar magana shi ne ya yi ta bin su har suka gaji suka yarda.

Ɗakinsa cike yake da kwalayen taliya, kowanne maƙil da fayil. Akwai hotunan aji da suka manne da juna, akwai wani aji guda da gara ta cinye ba ta bar ko fuska ɗaya cikakkiya ba. Baba ba da suna kaɗai yake tuna mutane ba, da wurin zamansu a aji yake tuna su. Sai ya ce, "Wannan, layi na uku kusa da taga, kullum barci. Yanzu babban lauya ne, ba a ganinsa sai da izini." Bai yarda a rubuta manya kawai ba. Akwai wanda ya bar lauya ya koma sayar da siminti, akwai wadda ta zama malamar firamare, akwai mai kula da ɗakin karatu wanda ya yi shekara talatin yana ba yara aron littafi ba a taɓa ɗaukarsa hoto ba. Duk ya ce a sa su. Idan na ce Baba wuri ba zai isa ba, sai ya ce in rage girman rubutu.

Aikin akwai gajiya. In fito daga shago ƙarfe uku, in hau keke mai ƙafa uku zuwa Kamazou, in yi ta kiran waya. Wani ya ce ki sake kira gobe, ya yi ta faɗin haka har wata biyu. Wani ya aiko shafi goma sha biyu, har da sunayen ƙasashen da ya je taro, ya ce kada a cire ko layi. Wani kuma layi biyu zai aiko, sai Baba ya zauna ya cike sauran daga kansa. Waɗanda suka rasu sun fi sauƙi. Idan Musulmi ne, ɗansa ko matarsa su ba mu labari ta waya, Baba ya faɗa in rubuta. Idan Kirista ne, iyalin su sako furogiram a ambulan su aiko, komai yana ciki. Don haka Baba ya ajiye manyan kwalaye biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ya ce, "In kin buɗe kin ga furogiram, kwalin hagu."

A kwalin hagun nan na fara ganin wani irin furogiram da ban saba da shi ba. Ba na coci ba ne, na kotu ne. Baba ya yi mini bayani cewa idan babban lauya ko alƙali ya rasu, kotu takan yi zama na musamman don yi masa ban kwana. Alƙalai su sa jajayen riguna, lauyoyi su sa baƙaƙe da farar hular gashin nan tasu, a kawo akwatin gawa harabar kotu, a yi ta jawabi. Na ga irinsa sun fi goma. Abin da Baba bai faɗa mini ba, don shi a wurinsa ko yaro ya sani, shi ne irin wannan zaman dai ake yi wa alƙalin da ya yi ritaya yana raye da ƙafafunsa.

Ambulan ɗin Mai Shari'a ya iso a makon da aka kwantar da Baba aka yi masa aikin ido, mai buga mana littafin a Kakuri kuma yana ta kira wai in ba mu kawo ba ranar Juma'a ba ruwansa. Na buɗe. Babu wasiƙa, babu ko gaisuwa, sai ɗan littafi mai sheƙi. Hoto a gaba cikin zagaye, da jar riga. A sama an rubuta zaman kotu na musamman don ban kwana. Ciki tarihin rayuwa, jerin masu magana, sai yabo shafi bayan shafi, kowa yana cewa ya kasance mai gaskiya, ya kasance uba, za mu yi kewarsa, gurbinsa ba zai cika ba. Na nemi ranar rasuwa ban gani ba, sai na ɗauki shekarar zaman na rubuta. Na jefa shi a kwalin hagu. Ko minti biyu ban yi ina tunani ba.

Da Baba ya dawo gida da bandeji a ido, ni nake karanta masa shafukan da baki yana gyarawa. Mun gama na malamai, mun gama na alƙalai da lauyoyi. Da muka zo na marigaya, ko suna biyar ba mu yi ba. Kowane suna sai ya tsaya ya ba da labari. Daga ƙarshe ya ce, "Bar su haka, 'yata. Ba zan iya ba. Su ba za su kawo ƙorafi ba." 'Yan kwamiti kuwa da aka kai musu, kowa shafinsa ya duba ya sa hannu.

To, a ranar taron ina tsaye a bakin ƙofa ina leƙe. Na ga Mai Shari'a a layin gaba, ya ɗora littafin a cinya bai buɗe ba. Kusa da shi ɗansa ne, shi ma lauya, wanda ake kira Barista. Na so in je in raɗa wa Baba, amma yana can kan dandamali tsakanin manya. Na yi ta gaya wa kaina ko ƙaninsa ne, ko kama ce kawai. Amma ƙani ba ya gadon tabo.

Bayan addu'a shugaban ƙungiyar ya ce a miƙe tsaye don tunawa da waɗanda suka riga mu. Ya buɗe ƙarshen littafin ya fara karanto sunaye ɗaya bayan ɗaya da irin muryar nan ta masu wa'azi. Kowa ya sunkuyar da kai, har da Mai Shari'a, ya dogara da sandarsa. Ni ina ƙirgawa a zuci, don na san jerin. Saura uku. Saura biyu. Shugaba ya faɗi muƙamin, ya faɗi sunan farko, ya kama na biyu, sai muryarsa ta tsaya a tsakiya.

Wani daga baya ya yi 'yar dariya ya haɗiye ta.  Mai Shari'a ya ɗago kai, ya dubi shugaba, ya zauna a hankali. Shi kaɗai ne a zaune a ɗakin.

Ba a daɗe ba Barista ya fito da littafin a buɗe, shugaba na biye da shi yana ba shi haƙuri.

"Wa ya buga wannan?"

Shugaba ya nuna ni da baki.

"Ke ce?"

Na ce, "Yallaɓai, furogiram na gani."

Ya ce, "Yaya sunanki? Cikakke." Na faɗa. Ya rubuta a bayan littafin, ya tambayi inda nake aiki, ya rubuta. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Da zagi ya yi da ya fi mini sauƙi.

Abin bai tsaya a ɗakin taro ba. Wani ya ɗauki hoton shafin da waya ya tura wa abokinsa don su yi dariya, abokin ya tura gaba ba tare da bayani ba. Kafin magariba an fara kiran gidan Mai Shari'a ana ta'aziyya. Matarsa ce ta ɗauki kiran farko, a lokacin shi bai ma koma gida ba. Tana da hawan jini. Aka kwashe ta zuwa asibiti. Yayarsa, tsohuwa tukuf, ta taso daga ƙauye da asuba tana kuka a mota har Kaduna. Duk wannan daga baya na ji, a bakin mutane, kowa da nasa ƙari.

Ranar Litinin takarda ta iso shago. Daga ofishin Barista take. An rubuta ta zuwa ga ƙungiya, da Baba, da mai buga littafi, da ni. Sunana na nan da manyan baƙaƙe. Na karanta sau huɗu, abin da na fahimta kaɗan ne: ɓata suna, ganganci, kwana bakwai, kotu. Mai shagonmu ya karanta ya ce in ɗan huta a gida tukuna, ba ya son a zo a rufe masa wuri.

Na je Kakuri wurin mai buga littafin, wani Ibo ne mai fara'a da ya daɗe a Kaduna. Ranar babu fara'a.

Ya ce, "Ni abin da an kawo shi na buga. Ko sunan mamana ne ka sa cikin matattu, in an sa hannu, inji zai buga. Inji ba ya sanin mutum." Ya dube ni ya rage murya. "Kina da ƙauye? Je ki gaishe su mana. Wata ɗaya, wata biyu. Waɗannan lauya ne fa, su da 'yan sanda kwano ɗaya."

Mamata da farko faɗa ta yi. Ta ce duk aikin da ke garin nan sai na lauyoyi na ɗauko mata. Daga baya ta daina faɗa, wannan ya fi tayar mini da hankali. Sai in ga ta dawo daga Kudenda ta zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa tana kallon bango. Maƙwabta suka yi ta shigowa jaje, kowa da labarin wani da aka kai bayan kanta kan abin da bai kai wannan ba. Wata ta ce alƙali ko ya yi ritaya, waya ɗaya zai buga a zo a ɗauke mutum. Ban san ko gaskiya ba ne, ba ni da wanda zan tambaya. Duk motar da ta rage gudu a layinmu sai in leƙa ta taga. Na haɗa kaya kaɗan a leda na ajiye bayan ƙofa, da zani da buroshi da Littafi Mai Tsarki, don in an zo kada in tafi hannu sake. Abinci kuwa sai dai in juya cokali. Har yanzu, watanni bayan nan, idan aka miƙo mini farin ambulan sai na zauna kafin in buɗe.

Ranar Laraba na je Kamazou. Na tarar da Baba a tsakiyar kwalayensa, littafin a hannunsa, ba ya iya karantawa, shafa bangon kawai yake yi. Ya tsufa a kwana huɗun nan. Ya ce ya kira Mai Shari'a sau da yawa ba a ɗauka ba, alhali shi ya koyar da shi a shekararsa ta farko ta koyarwa. Ya ce kwamiti sun zauna sun rubuta amsa cewa kuskuren na wata ma'aikaciyar wucin gadi ce da ba ta da alaƙa da ƙungiya.

Na ce, "Ni ke nan?"

Ya ce, "Ke ke nan. Na ƙi sa hannu. Amma sun aika."

"Baba, za su kulle ni?"

Ya fara mini bayani irin na aji, wai akwai bambanci tsakanin ƙarar da mutum ke kai mutum da wadda hukuma ke kaiwa, wai a ganinsa ba za a kai ga haka ba. A ganinsa. Ni eh ko a'a nake nema, lauya kuma ba ya ba ka ɗaya daga ciki. Na fito na fi yadda na shiga tsoro.

Rana ta shida cikin kwana bakwan da takardar ta ba mu, direban nan na Mai Shari'a ya zo har ƙofar gidanmu. Ya ce Mai Shari'a na nemana gobe ƙarfe uku, in zo da duk abin da na dogara da shi. Na tambaye shi ko akwai 'yan sanda a gidan. Ya ce shi dai tuƙi ne nasa.

Mamata ta ɗauki izini a wurin aiki. Muka biya Kamazou muka ɗauki Baba, na ciro furogiram ɗin daga kwalin hagu, muka shiga keke mu uku. Gidan yana bayan Sabon Tasha, ba babba ba ne kamar yadda na zata, fentin katanga ma ya ɓare. Aka bar mu a baranda fiye da awa guda. 

Da aka shigar da mu, Mai Shari'a na zaune a bakin teburin cin abinci, an kwashe komai sai tabarau da biro da farar takarda. Matarsa na kwance a doguwar kujera da bargo. Yayar na zaune a ƙasa a kan tabarma. Barista na tsaye jikin taga. Mamata ta zube a gwiwa ta fara roƙo.

Mai Shari'a ya ce, "Tashi, Mama, nan ba coci ba ce."

Baba ya buɗe baki zai yi magana.

"Malam, zauna. Na shekara uku ina sauraronka, yau ba kai na kira ba." Ya nuna mini kujerar da ke fuskantarsa. "Ban taɓa yanke wa mutum hukunci ban ji ta bakinsa ba. Kin san ni?"

Na ce, "A hoto, ranka ya daɗe."

"Na taɓa yi miki wani abu, ko na yi wa wani naki?"

"A'a."

"Wani ne ya sa ki?"

"A'a."

"To me ya sa kika kashe ni?"

Yayar ta ce, "Yawwa, tambaye ta! Ƙafata har yanzu a kumbure take saboda zaman mota."

Na ɗora furogiram ɗin a tebur.  Ya ce in faɗa masa yadda nake aikina tun daga farko, kada in tsallake komai. Na faɗa. Shagon Sabon Tasha, furogiram biyu ko uku a mako, kwalin dama da kwalin hagu, na kotu da na gani fiye da goma duk na matattu, makon da Baba ke asibiti. Yana rubutawa. Wani wurin ya ce in maimaita.

"Ba ki ga wani abu da ya bambanta shi da sauran ba?"

Na so in ce a'a, amma yadda yake kallona ba a yi masa ƙarya. Na ce, "Na ga babu ranar rasuwa, babu kuma inda za a binne. Na ɗauka mantawa aka yi."

"Kin gani, amma ba ki tambaya ba."

"Eh, ranka ya daɗe."

Ya rubuta wannan ma, ya ja layi a ƙarƙashi. Na ce a raina shi ke nan, na kai kaina.

Sai ya buɗe ɗan littafin ya tura mini. Ya ce in karanta shafin nan da ƙarfi, in mayar da shi Hausa don yayarsa ta ji. Jawabin shugaban ƙungiya ne, mutumin da ya nuna ni da baki. Na karanta: yau mun yi babban rashi, fitila ta mutu a wannan kotu, ba za mu sake ganin irinsa ba.

Yayar ta ce, "Wa ya rasu kuma?"

Ya ce, "Ni ne, Yaya. Tun shekara shida." Ya juya wajen ɗansa. "Barista, da ba ka san ni ba aka miƙo maka wannan, mutumin nan yana da rai ko babu?"

"Baba, ba wannan ne batun ba."

"Amsa tambaya."

Barista ya dubi taga.

"To wata tambayar. Na ce ka rubuta tarihina shafi ɗaya ka aika wa Malam. Wa ya sa wannan a ambulan?"

"Ni ne. A lokacin ina da shari'a a Abuja, na ga komai yana ciki."

"Ko layi ɗaya ba ka rubuta a kai ba?"

"Ban rubuta ba."

Mai Shari'a ya cire tabarau ya murza idanunsa ya daɗe. Ban ga alamar jin daɗi a fuskarsa ba, gajiya kawai na gani, irin tawa. Ya ce cikin duk waɗanda suka yi jawabi a ranar zaman kotun nan, mutum biyu ne suka taɓa tako gidan nan tun daga lokacin. Ya ce a makon nan kuwa har buhun shinkafa ya ƙare, mutane su shigo da fuskar makoki, su gan shi a zaune, su rasa abin faɗa, su ci abinci su tafi.

Matarsa ta yi magana daga inda take kwance, ba ta ɗago ba. "Kai kana wasa. Ni kwana biyu na yi a gadon asibiti. Ni aka ce wa mijinki ya mutu."

Ya ce, "Gaskiya ne." Ya dube ni. "Wannan ba ni zan yafe ba. Je ki."

Na je na durƙusa a gabanta na ce, "Mama, ki yi haƙuri. Da na tambaya da haka bai faru ba." Ta juya fuskarta wajen bango. Na jira. Har yau ban san ko ta yafe ba. Na dawo na zauna.

Ya ɗauki biro ya rubuta wani abu gajere, ya sa hannu, ya tura wa ɗansa. Ya ce a janye takardar da aka aiko mana yau, a rubuce, a kai wa kowa kwafinsa. Ya ce batun gyara shafin tsakaninsa ne da Malam da kwamiti, su da suka sa hannu ba su karanta ba. Sannan ya ce da ni, a hankali kamar mai karanta hukunci, "Ba wanda zai kai ki kotu. Ba ɗan sandan da zai zo gidanku. Nan gaba in kin ga wuri babu rubutu, ki tambaya. Tashi ki tafi gida."

Ban tashi ba. Na ji maganar, amma ba ta shiga ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko daga baya ma?"

"Ko daga baya. Ko ranar da na mutu da gaske."

Mamata ta kama kafaɗata daga baya ta matse har ya yi mini zafi. Na ɗaga kai na dubi agogon bango don in sami abin kallo. Ƙarfe biyar saura minti goma.